Tun ran gini ran zane: buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga shugabannin jami'o'i kan wuraren ibada

Zuwa ga shugabannin jami'o'i, da 'yan majalisar gudanarwa, da kwamitocin da ke zama kan taswirar gine-gine.

Ranku ya daɗe, ina gaishe ku gaisuwar ɗa ga iyayensa. Ni tsohon ɗalibi ne, na yi shekaruna huɗu na fito, amma akwai wata magana da ta daɗe tana cin raina kuma na san ku ne kaɗai za ku iya yin wani abu a kai, tunda ku ke sa hannu a takarda kafin a haƙa rami ko a ɗora bulo ɗaya. Maganar wuraren ibada ce, masallaci da coci da duk wani ɗaki da ɗalibi ke shiga ya gana da Ubangijinsa a cikin harabar makaranta. Ina so ku san cewa inda kuka ajiye waɗannan gine-gine da yadda kuka gina su magana ce kuke yi wa ɗalibai, kuma wallahi suna jin ta fiye da duk jawabin da ake karanta musu ranar rantsar da sababbin shiga.

Bari na faɗa muku abunda na gani da idona. A shekarata ta farko inda muke sallah wani ɗaki ne a ƙarƙashin matakalar bene, can bayan gini, da sito ne aka kwashe rabin kayan aka bar rabi, karyayyun kujeru jibge a lungu ɗaya, ba taga ko ɗaya, ga wani bututun ruwa ya bi ta saman kanmu yana ɗiga a daidai sahu na biyu har muka saba da ajiye bokiti a wurin muna kauce masa. Alwala kuwa a banɗaki ake yi, ka ɗaga ƙafa ka sa cikin abun wanke hannu kana jin kunya in wani ya shigo, ƙasa ta jiƙe sharkaf, mai shara ta zo tana faɗa kuma da gaskiyarta. 'Yan uwanmu Kirista su ma ba su tsira ba, aji suke ara su yi addu'a da waƙoƙinsu, ranar da wani malami ya sa lakca ba zato sai ka gan su a baranda ɗauke da ganguna da littattafai suna neman inda za su raɓe. Ba wanda ya taɓa ce mana ba a son mu a makarantar nan. Amma ido ba mudu ba ne ya san kima, kana kallon sabon ofishin gudanarwa da gilasai da fitilu ka juyo ka kalli ɗakin ƙarƙashin bene ka riga ka fahimci matsayin da aka ba abun da ya fi komai girma a zuciyarka.

Abun da ya fi tsaya min a rai ya faru ne a shekara ta uku, sanda wani ɗan ajinmu ya rasu ana tsakiyar semesta. Yaro ne mai shiga rai, kowa nasa ne. Muka so mu haɗu gaba ɗaya, Musulmi da Kirista harda waɗanda ba ruwansu da addini, mu ɗan zauna mu yi shiru kowa ya yi masa addu'a yadda ya iya. Muka rasa wuri. Ɗakinmu ba zai ɗauki mutum talatin ba kuma wasu ba za su saki jiki su shiga ba, ajin da suke ara an kulle, ƙarshe a filin ajiye motoci muka tsaya cirko-cirko cikin rana, wata yarinya na kuka ta jingina da motar da ba ta san ta waye ba, ana ta mana hon mu matsa. Makaranta mai dubban ɗalibai, da filin ƙwallo da ɗakin taro da komai, amma babu inuwa ɗaya da aka tanada saboda ranar da mutum zai ji rayuwa ta masa nauyi.

Ku duba sunan da muke kiran wurin da kuke shugabanta mana. Jami'a. Asalin kalmar nan a Larabci ɗaya ne da na jama'a, ɗaya ne da na Juma'a, kuma daga nan majami'a ta fito wadda Kirista ke kiran wurin ibadarsu da ita. Duk maganar tara mutane ce wuri ɗaya. Kuma tarihi ma haka ya nuna. Ƙarawiyyin da ke Fas a Maroko masallaci ce Fatima al-Fihri ta gina a shekarar 859 kafin karatu ya bunƙasa a cikinta har ta zama abun da ta zama, Azhar ta Alƙahira an fara gininta a 970 a matsayin masallaci, malami ya jingina da ginshiƙi ɗalibai su kewaye shi, a Tumbutu ma Sankore haka take. Can Ingila kuma in ka ce jami'ar Kambirij hoton da zai zo wa mutane shi ne cocin King's College wanda Sarki Henry na shida ya aza harsashinsa a 1446, aka ɗauki kusan shekara saba'in kafin a rufe samansa da wannan rufin dutse mai kama da mafici. Wato tun farko karatu da ibada a tsakar gida ɗaya suka tashi. Ko waɗanda suka so raba su sun san gini magana yake, shiyasa da Thomas Jefferson ya kafa Jami'ar Bajiniya a Amurka a 1819 ya sa laburare a wurin da aka saba sa coci, da gangan ya yi, yana so duk wanda ya shigo ya gane me ke tsakiya. Ko ka yarda da ra'ayinsa ko ba ka yarda ba, mutumin ya san abun da yake faɗa da gininsa. Ni damuwata yau da yawa ana gini ba a ma tsaya an tambayi me ginin zai faɗa ba.

Toh me gini ke faɗa, kuma ta yaya mutanen da aƙidarsu ta bambanta za su ji abu ɗaya a cikinsa? Wannan shi ne inda nake so ku ɗan ba ni lokaci. Akwai wasu abubuwa da kusan kowane mai ibada ya san su ba sai an fassara masa ba. Haske da ke saukowa daga sama. Ruwa a bakin shiga. Bakin ƙofa inda mutum ke rage murya, wani ya cire takalmi wani ya cire hula wata ta gyara mayafi. Fuskantar waje ɗaya. Rufi mai tsawo da ke sa ka ɗaga kai ba ka shirya ba. Musulmi na karanta Allah ne hasken sammai da ƙasa, Kirista na karanta cewa haske na haskakawa cikin duhu, Musulmi na alwala Kirista na baftisma, tsofaffin coci-coci da yawa gabas suke kallo mu kuma muna da alƙibla. Ma'anar da kowa ya ba abun daban ce kuma ba na cewa a cakuɗa su, amma jikin ɗan Adam iri ɗaya yake amsawa in ya fito daga hayaniya ya shiga wuri mai sanyi da shiru da haske na zubowa ta sama.

Akwai wani ƙaramin ɗakin ibada a jami'ar MIT da ke Amurka, an buɗe shi a 1955, Eero Saarinen ne ya zana shi. Zagayayyen gini ne na jan bulo kaman rumbu, ba taga a jikinsa, an kewaye shi da ruwa marar zurfi, sai ka bi ta wata 'yar hanya kafin ka shiga don hayaniyar waje ta sake ka. A ciki haske ta wata kafa yake saukowa daga rufi ya bi jikin wasu siraran ƙarafa da aka rataye kaman ana yayyafi, sannan hasken da ya bugi ruwan waje yana dawowa ta ƙasa yana rawa a jikin bango. Babu wata alamar addini ɗaya da aka kafe a ciki ta dindindin. Makarantar injiniyoyi ce fa da masu lissafi, amma sun ga ya dace su kashe tunani haka a kan ɗakin da mutum zai shiga ya yi shiru. Duk sanda na ga hoton wurin nan filin motocin nan nake tunawa.

Amma wanda ya fi burge ni shi ne na Jami'ar Brandeis, ita ma a Amurka, wadda Yahudawa suka kafa a 1948. Da suka tashi gina wurin ibada ba su gina nasu su kaɗai ba duk da su ne masu gida, guda uku suka gina a 1955, na Yahudawa da na Katolika da na Furotesta, Max Abramovitz ya zana, suka jera su kewaye da wani ɗan tafki, kuma aka tsara su yadda inuwar ɗaya ba za ta faɗa kan ɗaya ba. Ranku ya daɗe ku tsaya ku ji wannan da kyau. Wani ya zauna ya lissafa tafiyar rana daga safe zuwa yamma don kawai kar wani ɗalibi ya fito daga ibada ya ga ginin maƙwabcinsa ya rufe masa rana. Kowa da ƙofarsa, kowa da ɗakinsa, ba wanda aka ce ya sassauta aƙidarsa, amma ruwa ɗaya suke kallo kuma hanya ɗaya suke bi su koma aji. Wannan ai ya fi taron zaman lafiya ɗari. Sai dai ko su akwai inda tunaninsu ya tsaya, uku suka ƙirga suka rufe lissafi, da Musulmi da wasu suka yi yawa daga baya sai a wani gini daban aka nema musu ɗaki. Darasin da na ɗauka a nan shi ne a bar fili, don ba ku san su waye za su zo karatu nan da shekara talatin ba.

Kar kuma wani ya ce wannan dabarar Turawa ce. Ku je Alƙahira ku ga makarantar Sultan Hasan da aka fara ginawa a 1356, tsakar gida ɗaya ce babba da wurin alwala a tsakiyarta, manyan rumfuna huɗu na kallon juna, kuma an ba mazhabobi huɗu kowacce sashenta, Malikiyya da Shafi'iyya da Hanafiyya da Hambaliyya. Kafin ita ma Mustansiriyya ta Bagadaza ta tara mazhabobin nan huɗu a gida ɗaya. Mutanen da suke saɓani a mas'aloli masu yawa, amma magini ya haɗa su a tsakar gida ɗaya. Kuma masu tarihi sun kawo cewa da Sayyidina Umar ya shiga Ƙudus lokacin sallah ya same shi a babban cocin garin aka ce ya yi a ciki ya ƙi, don kar na baya su ce ai Umar ya yi sallah a nan su ƙwace wa Kirista wurinsu, ya fita waje ya yi. Har yau akwai masallaci mai sunansa daf da cocin. Maƙwabtaka ke nan wadda kowa ya san iyakarsa kuma kowa ya kare wa ɗan uwansa nasa.

Kuskure biyu nake gani ana yawan yi, kuma na farkon ya fi haɗari. Shi ne gasar tsawo. Waɗannan su tara kuɗi su ɗaga hasumiya, waɗancan su ga haka su ma su ɗaga tasu ta fi, a ƙara lasifika a ƙara fenti, hukuma kuma ta yi shiru tunda ba kuɗinta ba ne. Ɗalibi ɗan shekara sha takwas da ya shigo yau me kuke so ya karanta a wannan? Ai ya gane ana ja-in-ja ne kuma dole ya zaɓi ɓangare. Hasumiya ba ƙaramin abu ba ce a idon mutane. A Jami'ar Duke ta Amurka ɗalibai Musulmi sun yi shekaru suna sallar Juma'a a ƙasan babban cocin makarantar ba wanda ya damu, amma a Janairun 2015 da aka ce za a yi kiran sallah daga saman hasumiyar cocin sai ƙura ta tashi har hukuma ta janye, aka dawo aka yi kiran a filin da ke gaban ginin. Gini ɗaya ne, mutanen su ne dai, abun da ya canja kawai sama da ƙasa ne. Haka ɗakin ibadar makarantar sojan sama ta Amurka da ke Kolorado, wanda aka gama a 1962 mai tsinaye 17, kyakkyawa ne ƙwarai kuma an tara addinai a rufi ɗaya kowa da ƙofarsa, amma Furotesta ne a sama a babban zaure mai ɗaukar mutum wajen 1,200, Katolika da Yahudawa kuma suna hawa na ƙasa. Na yarda yawan mutane aka duba, amma wanda kullum sai ya gangara ƙasa alhali wani na hawa sama shi ya san abun da yake ji.

Kuskure na biyu shi ne a gudu daga rigima gaba ɗaya a ware wani farin ɗaki a liƙa takarda a ƙofa a ce na kowa da kowa ne. Ba taga, ba alamar alƙibla, ba wurin alwala, ba inda za a ajiye littafi, kujerun roba a jere, ga jadawali a bango waɗannan ƙarfe ɗaya waɗancan ƙarfe biyu, har ka ga wasu na tsaye a ƙofa suna duba agogo wasu ba su idar ba. Ɗakin da ba a yi shi da kowa a rai ba ba wanda zai ji nasa ne, kuma rigimar da ake gudu ta nan take ɓullowa, kan waye ya matsar da darduma waye ya bar ganga. Bambancinsa da na MIT a fili yake, can an cire alamomi amma an zuba tunani da ƙauna, nan kuma an cire komai ne don a huta.

Don haka ga roƙona gare ku. In za ku ware filin ibada ku sa shi inda ƙafar ɗalibai ke bi, tsakanin aji da laburare da ɗakunan kwana, kar a jefa shi bayan katanga kusa da juji. Kowane addini a ba shi ɗakinsa cikakke yadda ibadarsa ke buƙata, masallaci ya kalli alƙibla daidai da wurin alwala mai mutunci wanda mutum zai zauna ya wanke ƙafarsa ruwa ya wuce, coci ya samu zaure da murya za ta tashi a ciki ba tare da ta shiga sallar maƙwabci ba, wannan aikin masu zane ne kuma sun san yadda ake yi da kaurin bango da inda ake juya ƙofa. Amma ku haɗa su da tsakar gida ɗaya, da bishiyoyi da wurin zama da ruwa, wadda ba ta wani ɓangare ba ce, inda wanda ya fito daga sallah zai yi kiciɓis da wadda ta fito daga addu'a su gaisa su tambayi juna ya jarabawa. Ku sa doka ɗaya kan tsawo da ƙarar lasifika ta hau kan kowa, ko waye ya kawo kuɗin ginin. In da hali a yi su da bulo iri ɗaya da launi mai kama da sauran gine-ginen makarantar, don ido ya ga 'yan gida ɗaya ne.

Sannan don Allah ku duba ƙofar mata. Sau da yawa sai an gama gini tsaf sannan a tuna da su, a yanka musu wani lungu ta baya mai duhu wanda yarinya za ta ji tsoron bi in magariba ta yi, alhali a makarantu da dama su ne rabin ɗalibai ko fiye. Haka wanda ke kan keken guragu, in matakala goma ce tsakaninsa da wurin ibada kun riga kun faɗa masa ya tsaya waje. Waɗannan abubuwa ba a gyara su da kyau daga baya, Hausawa suka ce tun ran gini ran zane.

Na san za ku ce kuɗi, ga ɗakunan gwaje-gwaje ba kayan aiki ga albashi ga wuta, kuma wasunku za su ce jami'a ba gidan addini ba ce. Ban musa ba. Ni ma ban ce ku karkatar da kuɗin laburare ba, sau tari ma masu ibadar su ke tara abun gininsu da kansu. Abun da ke hannunku shi ne fili da tsari da doka, kuma waɗannan tunani suke ci fiye da kuɗi. Ɗaliban nan za su yi ibada ko kun tanada ko ba ku tanada ba, a ƙarƙashin bene ko a baranda ko a filin motoci. Kuma a cikinsu akwai wanda bai taɓa zama kusa da mai wani addini ba sai da ya zo hannunku, yana iya fita da digiri bai taɓa ganin yadda maƙwabcinsa ke tsayawa gaban Allah ba, sai abun da ya ji a bakin mutane.

Kafin ku sa hannu a taswira ta gaba, ku kira ɗaliban da za su yi amfani da wurin, maza da mata, na kowane ɓangare, ku zaunar da su da mai zanen a teburi ɗaya ku bar su su yi magana. Sannan ku taka da ƙafarku ku je filin da kanku, sau ɗaya da hantsi sau ɗaya bayan la'asar, a kafa muku sanduna daidai tsawon kowane gini ku ga inda inuwar kowanne za ta kwanta. Ku bar wani gefe ba gini saboda waɗanda ba su iso ba tukuna, kuma a tsakiya ku dasa bishiya mai faɗi da benci a ƙarƙashinta wanda zai ɗauki aji guda in sun rasa ɗaya daga cikinsu.

Naku cikin girmamawa,
wani tsohon ɗalibi.